Kwamitin Hulɗa da 'Yan Sanda: Namu Ne Ko Nasu?

Tun 1984 aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, kuma mu ma nan Sabo muna da wakilai a ciki. Ba mu raina ƙoƙarin dattawan nan ba, amma a gaya mana: yaushe suka taɓa zama don sauraron ƙarar wani ɗan unguwa a kan ɗan sanda?

Abin da muke gani shi ne, a ofishin DPO ake taron, shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Maganar da ta fi cin lokaci ita ce karo-karon sayen taya da man motar sintiri. To wanda ke zuwa da kuɗin mai yana neman a san da shi, da wane baki zai tambayi dalilin tsare ɗan acaba kwana uku? Ga shi kuwa tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa.

Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ba shi da iko a nan, don 'yan sanda na tarayya ne. Amma akwai ƙofofi. Akwai sashen karɓar koke-koke da rundunar ta buɗe a 2015, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ikon ladabtarwa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin ɗan'uwansa, ta hana kama mutum kan rikicin bashi zalla. Mu nawa muka san haka? Wakilanmu sun taɓa tsayawa bayan sallar Juma'a sun bayyana mana da Hausa?

Mu ma fa da laifinmu. Da an kwashe masu shayi ko 'yan ga-ruwa da dare, sai mu ruga fadar Sarkin Hausawa, a tura mutum caji ofis, a ba da haƙuri, a miƙa "na goro" ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne. Yaro ya fito, kowa ya ce alhamdulillahi. Ba sunan jami'i, ba lambarsa, ba ranar da abin ya faru. Wai mu baƙi ne, kada mu ja rigima. Baƙi ina? Wasunmu a nan aka binne kakanninsu. Kuma tunda ba a rubuta ba, in ka je gaba da ƙorafi, ce maka za a yi kawo shaida.

Muna roƙon wakilanmu su ajiye littafi a fada, duk wanda aka kama a rubuta sunansa, da ranar, da abin da aka karɓa a hannun 'yan'uwansa. A karanta shi a zaman kwamiti na gaba, DPO na zaune. Sannan a ba ƙungiyar 'yan acaba kujera ɗaya, tunda su aka fi tarewa a hanya.