Direba da Mai Taliya: Fim ɗin Tampopo a Idon Mutumin Gaya

A cikin finafinan da aka yi a kan abinci, da wuya a samu wanda mutumin Gaya zai fahimta ba tare da tafinta ba kamar Tampopo, wanda Juzo Itami ya shirya a ƙasar Japan a shekarar 1985. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani direban babbar mota mai suna Goro (suna ne na Japananci, ba shi da alaƙa da goron ci) ya tsaya da dare cikin ruwan sama, shi da yaron motarsa, a wani tsohon shagon taliya da ke bakin hanya. Mai shagon, Tampopo, mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya da sana'ar da ba ta gama koyo ba. Direba ya ci, ya faɗa mata gaskiya cewa girkinta bai kai ba, ita kuwa maimakon ta yi fushi sai ta roƙe shi ya zama malaminta.

Duk wanda ya san Gaya ya san wannan hoto. Gari ne da aka gina bisa jiran matafiyi. Tun zamanin fataken goro da ke bi ta ƙasar Dandi su haye Kwara su nufi Gwanja, har zuwa lokacin da aka gina gadar da ta haɗa garin da Malanbil a 1958, abincin baƙo sana'a ce babba a nan. Kafin a rufe gadar a 2023, motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kan yi kwanaki a layi suna jiran takardun duwan, wasu kuma su ɓullo ta Kamba daga Nijeriya, kuma kowane direba yana da matar da yake cin tuwonta, wadda yake kira Inna ko Hajiya, wadda kan ba shi bashi har sai ya dawo.

Abin da fim ɗin ya yi fice a kai shi ne ɗaukar sana'ar girki da muhimmancin da ake ba yaƙi ko ilimi. Itami ya ari tsarin finafinan kaboyi na Amurka, inda baƙo mai malafa yake shigowa gari ya gyara ɓarna ya wuce, ya ɗora shi a kan kwanon taliya. Ana nuna Tampopo tana ɗaga tukunyar ruwa tana saukewa don ƙarfafa damtse, Goro na riƙe da agogo yana auna daƙiƙoƙin da take ɗauka kafin ta sallami mai ci. Suna zagayawa shagunan abokan hamayya suna leƙen asirin romo. A nan ne mai kallo zai gane cewa ramen, kamar yadda suke kiran wannan abinci, rabinsa romo ne da ake dafa ƙashi na sa'o'i masu yawa, rabinsa taliyar alkama da ake kwaɓawa da wani ruwa mai suna kansui, wanda ke sa ta yi danƙo da launin rawaya. Kansui kuwa ɗan'uwan kanwa ne a aiki da ɗabi'a. Matar da ke ɗiga ruwan kanwa a kwaɓin taliyar murji, ta murza a ƙaramin injin hannu, ta shanya a kan igiya a tsakar gida, ilimi ɗaya take aiki da shi da mai shagon Tokyo, ko da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Akwai inda hanya ta rabu, ba shakka. Romon fim ɗin na alade ne, kuma akwai wuraren da wani ɗan daba mai fararen kaya ke wasa da abinci shi da budurwarsa ta hanyar da ba a kallo tare da iyali. Haka nan zuƙar taliya da ƙara, wadda a can alamar jin daɗi ce, a nan rashin tarbiyya ce. Bahaushe kan ci abinci cikin kunya, bai cika yabon girki a gaban mai girki ba. Iyakarsa ya ce an gode, Allah ya amfana, ko ya miƙa kwano a ƙara masa. Amma a ƙarshen fim ɗin, lokacin da maza biyar suka ɗaga kwanoni suka shanye romo har ɗigon ƙarshe ba tare da sun ce uffan ba, Tampopo na kallonsu cikin fargaba, wannan yabo ne irin wanda duk mai tuwo-tuwo a tashar Gaya ta sani.

Raunin fim ɗin yana cikin ginshiƙinsa. Mace ce mai shago, amma duk ilimin yana hannun maza: direba, tsohon likitan da ya koma zaman titi, direban wani attajiri, da ɗan kwangilar da ya gyara ginin. Ita aikinta biyayya da naci. Wanda ya zauna a rumfunan abinci na bakin iyaka zai ga wannan a matsayin tatsuniya. Direba ya san inda abinci yake da daɗi daga Kwatano har Yamai, wannan gaskiya ne, amma bai san yawan daddawar da miyar kuka ke buƙata ba, bai san lokacin da ake tsame taliya kafin ta caɓe ba. Wannan sani daga uwa yake zuwa ga 'ya, ko daga uwar ɗaki zuwa ga yarinyar da ta fara da wanke-wanke. Da direba zai tsaya da agogo a kan Hajiya, da muciya za a kore shi. Ƙari a kan haka, nasarar Tampopo ba ta cika ba sai da aka rushe tsohon shagon mai duhu aka mayar da shi fari fes. Itami ya so tsohuwar sana'a, amma bai yarda ta tsira cikin tsohuwar rigarta ba.

Abin da ya sa wannan batu ya wuce nishaɗi shi ne makomar taliyar kanta. A shekarar da aka gina gadar Gaya, 1958, wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro taliyar da ake soyawa a busar, a zuba mata ruwan zafi ta nuna cikin mintuna kaɗan. Jikanyarta ce Indomie, wadda asalinta daga Indonesiya ne, aka soma sarrafa ta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Daga nan ta mamaye teburin mai shayi a kowace tasha, ta tsallaka iyaka ba tare da neman izinin kowa ba. A Japan sabuwar ba ta kashe tsohuwar ba. Shagunan romo sun ci gaba da bunƙasa, har aka buɗe gidan tarihi na ramen a Yokohama a 1994, inda aka sake gina titunan Tokyo na 1958 don mutane su ci abinci a cikinsu. Taliyar murji da manja da yaji ba ta samu irin wannan gata ba. Ana kallon ta abincin yara da marasa hali, ana sayar da ita a leda a ƙofar makaranta, yayin da saurayi ke ganin indomi da ƙwai shi ne wayewa. Finafinan Hausa ma, da yawansu, sun fi son nuna teburin attajiri cike da faranti da ba a taɓa ba. Da wuya kyamara ta tsaya minti guda a kan hannun mace tana murza kwaɓi.

Akwai kuma abin da fim ɗin bai taɓa tunaninsa ba, wato ranar da mota ba za ta zo ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, aka rufe gadar, aka tare ta da kwantenoni, motoci suka yi cirko-cirko a gefen Malanbil, jama'a suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. An yi ta lissafin asarar 'yan kasuwa da ta baitulmali. Matan da tukunyarsu ta dogara ga direbobin da ke kwana a layi ba su cika shiga wannan lissafi ba, kuma bashin da suke bin waɗanda suka maƙale a ƙetaren ruwa ba a rubuce yake a ko'ina ba. Goro na Itami ya hau motarsa ya tafi bayan ya ga jama'a sun yi layi a ƙofar shagon, kyamara kuma ta bi shi a kan babbar hanya.