Kuɗin Salula da Matan Karkara: Sharhi kan Wani Bincike da Aka Yi a Jihar Tawa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan sharhi za mu duba wani bincike da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta uku suka wallafa a 2016. Mun zaɓe shi ne domin a jihar Tawa aka yi shi, jihar da ta ƙunshi Madawa da Buza da Keita, kuma domin ana yawan kafa hujja da shi a duk lokacin da aka taso da zancen sabuwar fasaha a karkara. Tambayarmu ita ce: me sakamakonsa yake nufi ga gari irin Bangi?

2. Abin da binciken ya gano

Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a garuruwa 96 a 2010, kimanin jika 22 na sefa kowane wata har wata biyar, kuma akasari mata ne suka karɓa. An kasa garuruwan kashi uku. Kashi na farko an ba su kuɗi hannu da hannu. Na biyu kuɗi hannu da hannu tare da salula. Na uku kuwa an tura musu ta Zap, tsarin kamfanin Zain wanda Airtel ya gada. A gidajen kashi na uku nau'o'in abinci sun ƙaru da kashi 9 zuwa 16 cikin ɗari, yara kuma sun sami ƙarin ci.

Wannan rabo uku shi ne ƙarfin aikin, domin ya bambance amfanin mallakar salula da amfanin hanyar biyan kuɗin.

3. Inda muke da ja

Marubutan sun danganta ribar da abu biyu: raguwar tafiya da jiran layi a lokacin da ake tsakiyar noma, da kuma ƙaruwar ta-cewar mace a gida, tunda saƙon yana iso mata ba tare da shela ba. Idan mun lura, duka biyun al'amuran zaman jama'a ne. Matan sun riƙa cire kuɗin gaba ɗaya su nufi kasuwa. Ke nan ba kuɗin ne suka sake kama ba, hanyar isowarsu ce ta gajarta.

Na biyu, ƙungiyar ce ta raba salula, ta koyar da amfani da ita, aka kuma tanadi wakilan biya. Abin da ya yi kyau cikin irin wannan gata ba lalle ya tsaya da ƙafarsa ba bayan an naɗe tabarma. Shekarun da suka biyo baya sun nuna haka: Nijar ta daɗe cikin ƙasashen da kuɗin salula ba su karɓu sosai ba, alhali kamfanonin aike irin su Al Izza da Nita da Amana sun bazu da shagunansu, inda mutum ke magana da mutum.

Na uku, binciken bai zurfafa kan harshe ba, wanda shi ne fagenmu. Umarnin da ke fitowa a salula rubutacce ne, galibi da Faransanci. Matar da ba ta yi lakkol ba sai ta nemi mai karanta mata, kuma da zarar ta miƙa salular, sirrin da aka yaba ya fita daga hannunta.

4. Kammalawa

A Bangi, kusa da iyakar Nijeriya, aike daga ƴan cin rani tsohon abu ne, kuma amana ce ke ɗauke da shi. A ganinmu, fasahar da za ta zauna a nan ita ce wadda ta ji Hausa da Tamajak, ta kuma karɓi murya kamar yadda saƙon WhatsApp ke yi. Muna kira ga ɗalibanmu su fita su tattara kalmomin da mata ke amfani da su wajen karɓar aike, su kuma gano wa ke riƙe da lambar sirri a gida. Kafin a sami wannan amsa, bai kamata a ɗauki sakamakon wata biyar a mayar da shi dokar raba tallafi ba.