3.2 Turken Farin Ciki a Waƙar "A Sha Ruwa" ta Mamman Shata

Bahaushe ya bambanta farin ciki da murna. Farin ciki a zuci yake, shi ya sa aka jingina shi ga ciki. Murna kuwa sai an gan ta ko an ji ta, kamar guɗa da rawa da liƙi. A garuruwan manoma irin su Tsiga, cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, an fi ganin murna da kaka, bayan amfanin gona ya shiga gida, an sayar da auduga, an shiga bukukuwan aure.

A wannan yanki ne Alhaji Mamman Shata (1923-1999) ya yi ƙarfi, domin ya zauna Bakori kafin ya koma Funtuwa. Mutane da yawa sun ɗauka turken wannan waƙa yabon giya ne kawai. Wannan nazari bai gamsu da haka ba. Idan aka lura da sunan waƙar, "ruwa" sakayawa ce, sannan "a sha" aka ce, ba a ware mutum ɗaya ba, wato kowa na ciki. Ga kalangai, ga 'yan amshi suna nanata gindin waƙa har mai sauraro ya karɓa, ko da bai taɓa kusantar mashaya ba. Taron ne ke jan sa.

Sai dai a nan raunin waƙar yake: ta kama murna, ta saki farin ciki. Magidancin da ya ƙarar da kuɗin audugarsa a wajen shagali, waƙar ba ta bi shi gida ba bayan taro ya watse.