2.4 Tsokaci a Kan Amfani da Na'urar Hoton Ciki Wajen Duba Lafiyar Ɗan Tayin Saniya

Tun daga aikin Pierson da Ginther (1984) na'urar hoton ciki ta samu karɓuwa wajen tabbatar da ƙaramin ciki a jikin saniya, inda ake zura kan na'urar ta dubura. Wannan fanni ya zauna da gindinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne watanni uku na ƙarshe daga cikin kwana kusan 280 da saniya kan yi da ciki.

Ma'aunin da ake bi a wannan mataki aro ne. Manning da abokan aikinsa (1980) sun tsara shi domin mata masu juna biyu, sannan Reef ta daidaita shi ga goɗiya a shekarun 1990. Ana duba bugun zuciyar ɗan tayi, da motsinsa, da yawan ruwan da yake kwance a ciki, da kamannin mabiyiya. Sai dai saniya ba goɗiya ba ce. Mabiyiyar goɗiya shimfiɗe take, ita kuwa ta saniya ƙululai ce rarrabe, masu yawan da kan kai 70 zuwa 120, don haka auna kaɗan daga cikinsu ba zai bayyana halin da sauran suke ciki ba. Haka kuma tumbi ya mamaye ɓangaren hagu, dole a aske kwiɓin dama a duba ta nan. Ko da hakan, sau da yawa ƙirjin ɗan tayin yakan yi nisan da na'urar ba ta iya hangowa. Wanda bai ga zuciya ba kuwa, me zai ƙirga?

Buczinski da abokan aikinsa na Jami'ar Montreal a Kanada (2009) sun yi ƙoƙarin cike wannan giɓi, kuma sun cancanci yabo. Amma 'yan tayi 10 kacal suka nazarta, dukkansu waɗanda aka kwafo ne daga ƙwayar halittar wata dabba, irin cikin da aka san shi da taruwar ruwa da kumburin mabiyiya. Abin da aka gani a nan bai isa ya zama hukunci a kan kowace saniya ba, balle Bunaji, wadda ɗan maraƙinta bai kai na Holstein girma ba.

A ganin wannan nazari, na'urar tana da amfani wajen gano mataccen ɗan tayi ko ruwan da ya wuce kima. Amma rashin motsi na ɗan lokaci kan iya zama barci ne kawai, don haka bai kamata likita ya yanke shawarar jawo naƙuda ko yin tiyata bisa dubawa ɗaya ba.