Waƙa a Tsakar Gida: Nazari kan Sujadar Iyali a Gidajen Kiristocin Arewa

Idan aka tada zancen waƙar Kiristoci a Arewa, hankali yakan tafi majami'a: 'yan kwaya cikin riguna iri ɗaya, matan zumunta da tulunansu, samari da jita da ganguna. Ba kasafai ake waiwayar inda waɗannan muryoyi suka fara koyon tashi ba, wato ɗaki da tsakar gida. Alhali majami'a kasuwar waƙa ce kawai, gida ne gonarta. Abin da ba a shuka a gida daga Litinin zuwa Asabar ba, da wuya a gan shi ranar Lahadi. Wannan al'ada ta rera waƙa tare, wadda ake yi cikin abin da ake kira sujadar iyali, ita ce ta riƙe bangaskiya da karatu da harshe a dubban gidaje, kuma ita ce yau take neman suɓucewa ba tare da an ji ƙararta ba.

Yadda ake yin ta

Tsarin kusan ɗaya ne, ko a Kafanchan kake ko a Kaltungo, ko Numan, ko Pankshin. Da asuba kafin a watse gona da makaranta, ko bayan tuwon dare, uwar gida ce yawanci ke tada waƙa tun tana gyara ɗaurin zane. Ba ta kiran sunan kowa, waƙar ce kiran. Yara su fito suna mutsuttsuke ido, wani da bargo a kafaɗa in hunturu ne. Maigida na zaune da Littafi Mai Tsarki a cinya. Littafin Waƙoƙi guda ɗaya, wanda bangonsa ya sha ɗinkin zare, yana yawo daga hannu zuwa hannu.

"Baba, wace lamba?"

"Yau Kaka ce za ta zaɓa."

Kaka ba ta yi boko ba, amma da ka za ta faɗi lambar, ta ja aya ta farko ba tare da ta dubi takarda ba. Ɗan aji uku yana bin layi da yatsa, auta kuwa jira yake a zo korus ya buɗe murya. Ba ganga, ba lasifika, sai tafi, wani lokaci da bayan bokiti. Daga nan a karanta nassi, a wasu gidajen a haɗa da ɗan littafin karatun kullum irin Abincin Yini, maigida ya yi gajeren bayani, a nuna wanda zai yi addu'a, a tashi. Duka bai fi rabin sa'a ba.

Abin lura a nan shi ne rabon aiki. Karatu da bayani yawanci na uba ne. Waƙa kuwa ta kowa ce, kuma a cikinta ne kaɗai tsohuwa da jikanta suke magana ɗaya, a lokaci ɗaya, ba mai jiran wani ya gama.

Tushen al'adar

Masu bi suna kafa hujja da nassi. Littafin Zabura gaba ɗaya waƙoƙi ne, guda 150. Matiyu ya rubuta cewa Yesu da almajiransa sun rera waƙa bayan jibin ƙarshe kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma a ɗaki aka yi wannan, ba a haikali ba. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi. Wasiƙun Afisawa da Kolosiyawa sun umarci masu bi su koyar da juna ta hanyar zabura da waƙoƙi, a zamanin da ikilisiya kanta a gidajen mutane take taruwa.

A ƙasarmu kuwa al'adar ta zo ne da Turawan mishan. 'Yan mishan na SIM sun sauka Legas a 1893, daga aikinsu ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Karl Kumm na mishan ɗin SUM ya isa Wase a 1904, tushen ikilisiyar COCIN ke nan. Likita Niels Brønnum ɗan Danmak ya kafa aiki a Numan a 1913, inda ikilisiyar Luta ta yi saiwa, kuma shi kansa Martin Luther an san shi da rera waƙa tare da iyalinsa bayan cin abinci. 'Yan mishan na Brethren sun fara sujada ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923, daga nan aka sami ikilisiyar EYN. A Zariya, Likita Walter Miller na CMS ya shafe shekaru yana aiki kafin a koma Wusasa, kuma yana cikin manyan waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, wanda aka buga a 1932.

Da yake gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, yawancin waɗanda suka karɓi bishara ba Hausawa ba ne: Berom, Ngas, Tangale, Bura, Bajju, Atyap, Bachama da sauransu da dama. Harsuna sun yi yawa, ma'aikata kaɗan, sai aka jingina da Hausa, harshen kasuwa da fatauci. Mai bishara ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa, fasto kuwa sai a yi watanni ba a gan shi ba. A irin wannan hali, abin da sabon mai bi zai iya ɗauka ya kai gida shi ne waƙa. Ba ta bukatar takarda, ba ta bukatar fitila.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u ta koyar da mata addini ta hanyar waƙe, almajiranta mata, wato 'yan taru, suna ɗauka su kai ƙauyuka. Maƙwabta Musulmi da Kirista sun yi tarayya a kan sanin cewa abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a ka.

Rafi biyu da suka haɗu a gida

Waƙoƙin da ake rerawa a sujadar iyali iri biyu ne, kuma kowanne da halinsa.

Na farko su ne na Littafin Waƙoƙi. Da yawansu fassara ne daga waƙoƙin Ingila da Amurka na ƙarni na 18 da na 19, irin na Charles Wesley da Fanny Crosby. Ƙarfinsu shi ne nauyin koyarwa: waƙa ɗaya takan taso daga zunubi, ta bi ta gicciye, ta ƙare da begen tashin matattu, aya bayan aya. Rauninsu kuma a fili yake ga mai kunnen Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai bambanta dogon wasali da gajere, karin waƙar Bature kuwa don Ingilishi aka tsara shi. Sai ka ji an ja gajeriyar gaɓa, an datse doguwa, murya ta hau inda magana ke sauka. Amma gida ya yi wa waɗannan waƙoƙi gyaran da mafassara ba su yi ba. Da yake ta kunne ake koyonsu, daga bakin uwa zuwa na ɗa, a hankali aka sassauta saurinsu, aka lanƙwasa karin, har wani lokaci wanda ya san asalin waƙar da Turanci sai ya saurara da kyau kafin ya gane ta.

Na biyu su ne waƙoƙin da 'yan ƙasa suka tsara da kansu, musamman na Zumuntar Mata da na ƙungiyoyin Sabon Rai, waɗanda suka bazu tun shekarun 1960. Waɗannan a kan bayarwa da amshi aka gina su, kamar waƙar daka da ta gayya. Mai bayarwa ta ja labari, na Yunusa, ko Zakka, ko Hannatu mai roƙon haihuwa, jama'a su amsa da gajeren layi. A majami'a ana raka su da tulu da caki. A gida kuwa uwa ce ke dawowa da su daga koyon waƙa na tsakiyar mako, ta yi ta maimaitawa a bakin murhu da wajen wanki. Kafin Lahadi yara sun haddace. Ta haka mata, waɗanda a yawancin waɗannan ikilisiyoyi ba a naɗa su fasto, suka zama malaman tauhidi na farko ga 'ya'yansu.

Abin da waƙar ta tsare

Mutane da yawa a ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da Gombe da Littafin Waƙoƙi suka koyi karatun Hausa. Yaro ya riga ya san kalmomin da ka, sai ido ya bi yatsa, baƙi ya haɗu da sauti. Sannan waƙa takan yi sulhun da baki ya kasa. Miji da mata da suka kwana da fushi, da wuya su gama ayoyi huɗu kan gafara kowa yana kallon gefe.

An fi ganin darajarta ranar da gini ya gagara. A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, suka mamaye hedikwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. Iyalan da suka gudu Yola da Kamaru ba su ɗauki ganga ko benci ba, wasu ko littafi ba su tsira da shi ba. Abin da ke ka ne ya bi su. Haka a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada, kowane falo ya zama majami'a. Gidan da ya saba bai sha wahala ba. Gidan da ya bar wa 'yan kwaya waƙa kuwa sai aka zauna ana kallon juna.

Inda ke bukatar gyara

Ba za a yi wa al'adar adalci ba in aka ɓoye aibinta. Na ɗaya, Hausa ta shiga har ɗakin kwana ta hanyar waƙa, ta ture harsunan gida. Akwai jikokin da suka iya waƙoƙin Hausa hamsin amma ba su iya ko ɗaya da Berom ko Tyap ba, ko da yake akwai waƙoƙin yabo a harsunan. Yanzu Hausar ma Turanci na ture ta a gidajen Abuja da Kaduna, inda yaro ke riƙe da littafin yana kasa haɗa baƙi.

Na biyu, akwai gidajen da sujada ta koma fareti. A tashi yaro da tsawa, a tsare shi da ido, a rera kalmomin tsohuwar fassara da ba wanda ya taɓa yi masa bayaninsu. Irin wannan yaro ranar da ya tafi makarantar kwana, ranar ya ajiye waƙa. A gidan haya kuma, inda ɗaki ke manne da ɗaki, ɗaga murya da asuba ba tare da la'akari da maƙwabci ba ya saɓa wa abin da waƙar ke koyarwa.

Na uku shi ne mafi girma: saurare ya maye gurbin rerawa. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Solomon Lange sun kai waƙar bishara ta Arewa nesa, kuma sun cancanci yabo. Amma waƙar da aka tsara don situdiyo, da fiyano da jita da mai jan baki gwani, ba lallai ta zauna a bakin kaka ba. A majami'u da yawa na birni allon majigi ya kori littafi, don haka ba abin da mutum zai riƙo ya kawo gida. Waya na kan tebur tana waƙa, iyali na zaune shiru kowa da tasa wayar. An ji waƙa, amma ba a yi ta ba.

Saboda haka ma'aunin da ya kamata masu tsara waƙa su riƙe mai sauƙi ne: shin iyali za su iya rera ta in an ɗauke wuta? Fastoci su riƙa sa aƙalla waƙa ɗaya duk Lahadi da ba kiɗa, su kuma ƙarfafa kowane gida ya mallaki littafi. Iyaye kuma, ku gajarta sujada, ku bar yara su zaɓi lamba, ku tsaya ku fassara musu kalmar da ta yi nauyi, ku sa waƙa ɗaya ta harshen kakanninku a kowane mako. Kada mai muryar da ba ta da daɗi ya ce ba da shi ba, domin ba gasa ake yi ba. Ku ajiye wayar nan ta minti goma, ku tada waƙa da bakinku.