Tsokaci kan tsarin Mager na rubuta manufofin darasi

A littafinsa na shekarar 1962, Robert Mager, wani masani Ba'amurke, ya gindaya sharuɗɗa uku ga kowace manufar darasi: aikin da ɗalibi zai yi a gani da ido, yanayin da zai yi shi, da ma'aunin nasara. Saboda haka ya ƙi amincewa da aikatau irin su "sani" da "fahimta", tunda ba a ganinsu.

Mun yarda tsarin yana hana malami koyarwa ba alƙibla, amma a ganinmu akwai giɓi. Mu ɗauki darasin Hausa. Rubuta "ɗalibi zai bambanta d da ɗ cikin kalmomi 10, ya dace a 8" ba wuya. To, ina za a sa gane habaici, ko sanin inda karin magana ya dace da zance? Waɗannan ba su ƙirguwa, shi ya sa sabon malami kan tsallake su, ya tsara darussansa kan abin da ke aunuwa kawai.

Shawararmu ga masu horar da malamai ita ce a fara tantance abin da ya cancanci koyarwa, sannan a nemo masa ma'auni, ko da ma'aunin nan hukuncin malami ne.