Jinjina ga masu sake fentin gari a kayan inji

Murfin saman inji na alminiyum yakan dawo hannunsu ya sha baƙin mai, fentinsa ya ɗaɗɗaye. Mai gaggawa zai jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi. Gwani ba ya kusantar haka, domin sodar nan cin alminiyum take yi. Sai ya bi shi da maganin cire fenti, ya wanke maiƙo, sannan ya feshe shi da ƙananan ƙwayoyin gilashi har fuskar ƙarfen ta fito fes.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsu kafin fenti. Alminiyum na zubi yana da ƙananan ƙofofi da ke shanye mai, don haka sai sun fara gasa shi tsirara ya yi gumin abin da ya sha. In an tsallake wannan, sabon fenti zai fito da ƙuraje. Daga nan su wanke kowane lungu, domin ƙwayar gilashi da ta maƙale a ciki tana iya bin mai ta lalata inji. Ramukan kusoshi da mazaunin gaskit kuwa, a toshe su a rufe.

Fesawar ba ta da tsawo. Garin fentin busasshe ne, cajin lantarki ke manna shi a jikin ƙarfe, sai tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 ta narkar da shi ya kama. Allah ya ƙara wa hannuwan nan albarka.